Ledar Sharhabil a Cikin Kular Kunun Aya

An mayar da Rilwanu Lawal ɗakin tiyata ranar Juma'a bayan la'asar, aka sake buɗe ƙirjin da aka ɗinke jiya-jiya, saboda ledar da aka samo don tsayar masa da jini ta iso asibiti a fashe, a cikin kular kunun aya.

Rilwanu ma'aikacin safiyon filaye ne a gwamnatin jiha, ɗan shekara arba'in da shida, mazaunin Kinkinau tare da matarsa Rahmatu da 'ya'yansu huɗu. Ranar Alhamis aka canza masa bawul ɗin zuciya, wato marfin da ke hana jini komawa baya, a wani asibiti mai zaman kansa a arewacin Kaduna. Aikin ya tafi daidai. Jini ne ya ƙi tsayawa. Robobi biyu sun fito daga ƙasan ƙirjinsa zuwa wata kwalba a gefen gado, kuma tun da aka fito da shi kwalbar ba ta daina cika ba.

Da hantsin Juma'a Dakta Firdausi, mai kula da ɗakin masu tsananin jinya, ta kira Rahmatu ta yi mata bayani a tsaye a bakin ƙofa. Ta ce a lokacin tiyata inji ne ke riƙe aikin zuciya, jinin mutum ya bi ta cikinsa ya dawo jiki. Injin yana lalata wasu ƙananan ƙwayoyi da ke toshe rauni su sa jini ya daskare. Filetilet ake ce musu. Na Rilwanu sun yi ƙasa ƙwarai, waɗanda asibitin ya tanada kuma an ƙarar da su a kansa.

"Ba jan jini nake nema ba, muna da shi," in ji ta. "Wannan daban ne. Mutum guda mai lafiya zai zauna a inji, a tace ƙwayoyin, a mayar masa da jininsa. Mu ba mu da injin, amma akwai wani ɗakin gwaji a cikin gari da ke da shi. Kina da mazan da za su je?"

Rahmatu ta waiwaya ta dubi baranda.

Maza kam akwai su. Tun safe 'yan dubiya suka cika barandar har suka gangara gindin dalbejiyar da ke tsakar asibitin. Ba a barin kowa ya shiga wajen majinyacin, amma hakan bai hana kowa zuwa ba. Dangi, abokan ofis, maƙwabta, kowa da kular abincinsa. Tun da mai abincin ba ya ci, su suke ci. An shimfiɗa tabarmi, an buɗe faten doya da farfesun kayan ciki, ƙudaje sun sauka a kan ƙasusuwan da aka tara a murfin kwano. Ƙamshin daddawa ya gauraya da warin maganin goge ƙasa. Sau biyu mai gadi ya zo ya yi magana, a na biyun aka zuba masa nasa a roba.

A tsakiyar taron, a kan farar kujerar roba, Alhaji Yahya Lawal ne zaune, yayan Rilwanu, darakta mai ritaya. Shi ke karɓar gaisuwa, shi ke cewa "da sauƙi", shi ke lura da wanda ya zo da wanda ya aiko kawai.

Rahmatu ta rusuna a gefen kujerar ta faɗa masa abin da likita ta ce. Ya gyara murya ya sanar wa jama'a, kamar mai buɗe taro.

Wani ya ce hawan jini gare shi. Wani ya ce siga. Wani ya ce shekaranjiya ya gama allurar zazzaɓi, ya naɗe hannun riga don a gani, ba a ga komai ba.

"Ni ai jinina," in ji Malam Isiyaku, abokin ofis ɗin Rilwanu, yana tsame hanta daga kwano, "ko sauro ya sha sai ya leƙa maƙwabta ya ƙara."

Aka yi dariya. Alhaji Yahya ma ya murmusa, ya ce shi da shekaru sun bar shi da tuni ya miƙe. Ya tura 'ya'yansa biyu. Ɗaya aka dawo da shi saboda ya sha maganin ciwon jiki da safe, irin wanda ke kashe ƙarfin ƙwayoyin. Ɗayan aka ce jijiyarsa ta yi siriri, injin ba zai ja ba.

Rahmatu ta kira ƙanenta Sharhabil, mai waldar ƙofofi a Rigasa. Gidan su Alhaji Yahya ba su taɓa kiran dangin Rahmatu da sunayensu ba, "mutanen Rigasa" suke cewa, shekara goma sha tara ke nan. Sharhabil ya ajiye ƙofar da yake haɗawa, ya wuce ɗakin gwajin kai tsaye da rigar aikinsa mai ƙunar tartsatsi. Aka gwada shi, ya dace. Aka sa masa allura, ya kwanta yana kallon jininsa na fita ja yana dawowa, wata leda a sama tana cika a hankali da ruwa mai launin ɗorawa.

Da labari ya iso baranda cewa an samu, Alhaji Yahya ya miƙe ya karkaɗe babbar rigarsa.

"Ni zan je in ɗauko."

"Yaya, ai sun ce suna da mai kawowa," in ji Rahmatu.

"Jinin ƙanena a bayan babur? Ina da mota a tsaye? Allah ya kiyaye."

A ɗakin gwajin, mai kai saƙon nasu ya fita da akwatin da ake sa irin wannan leda zuwa wani asibiti, sai bayan masallaci zai dawo. Alhaji Yahya ya ce ba zai jira ba, rai ne a gaba. Ma'aikaciyar da ta tace ƙwayoyin ta ga gaskiyarsa. Ta naɗe ledar a tawul mai tsabta, ta sa a kwali, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Alhaji, wannan ba ya son sanyi. Kada a sa shi a ƙanƙara, kada a bar shi a rana. Kai tsaye asibiti."

Wayarsa na kunne. "Eh, mun samu, alhamdu lillahi. Ni da kaina na zo. Ai ba a barin irin wannan ga yara."

"Alhaji, ka ji? Ban da ƙanƙara."

Ya ɗaga mata hannu. "Na ji, 'yata. Ba yau na fara ɗaukar jini ba."

Sharhabil yana ɗakin ciki, jiri na ɗibarsa, leɓensa na zugi, an ba shi lemo yana sha. Bai ji abin da aka ce ba. Ya fito yana dafa bango ya ce a tafi da shi ya riƙe kwalin a cinya.

"Kai ka yi naka, Allah ya yi albarka," in ji Alhaji Yahya. "Ka huta ka taho a Keke."

Kujerar motar da mai ita. Hajiya Asabe, matar Alhaji Yahya, tana gida a Kurmin Mashi tana jiran a ɗauke ta da abincin rana na 'yan dubiya. Gidan kusan a kan hanya yake. Ya ratse.

Da ya isa an fara huɗuba. Sahu ya fito daga masallacin unguwar ya rufe titi, ba shiga ba fita sai an sallame. Ya faka a ƙofar gida, ya kashe waya, ya ɗauki dardumarsa. Kwalin ya bar shi a kujerar gaba.

Hajiya Asabe ce ta gan shi lokacin da ake loda kuloli a but ɗin motar. Ta buɗe tawul ɗin, ta taɓa ledar da bayan hannu, ta ji ta ɗumi.

"Inna lillahi! Jini a zafi haka? Wai su maza ina hankalinsu yake?"

Ba ta da shakka a kan abin da ya kamata. Lokacin da 'yarta ta fari ta zo haihuwa, ita ta riƙo ledar jini a kula cike da ƙanƙara, aka ƙara wa yarinyar, ta tashi. Kowa a unguwar ya san haka ake ɗaukar jini. Ta buɗe babbar kular da ta jera robobin kunun aya da zobo, ta ɗaga manyan ƙanƙara biyu da aka fasa da taɓarya, ta kwantar da ledar a tsakani, ta mayar da su a kai. Murfin ya ƙi rufuwa. Ta danna da gwiwa har ya yi ƙas, ta ɗora kular tuwo a sama.

Bayan sallama aka yi sanarwar ɗaurin auren 'yar wani tsohon abokin aikin Alhaji Yahya. Ya tsaya aka shafa fatiha, ya karɓi goro da alawa, ya gaisa da waɗanda ya kamata. Da ya dawo bai ga kwalin ba, ya tambaya. Ta faɗa masa.

"Kin kyauta," ya ce. "Yaran nan ko kula ba su ba mu ba."

A asibiti an canza kwalbar gefen gadon Rilwanu, sabuwar ma ta kusa rabi. Fuskarsa ta koma launin toka. Dakta Firdausi ta leƙo ta tambayi Rahmatu ina ledar take, ta koma, ta sake leƙowa. Rahmatu ta yi ta kiran wayar Alhaji Yahya tana jin ta a kashe. Ta kira Sharhabil, ya ce ai tun kafin huɗuba aka tafi da ita.

Gab da la'asar motar ta shigo. Mutum biyu suka kinkimo kular zuwa baranda suka dire a gaban ƙofar ɗakin. Jama'a suka taso suka kewaye. Alhaji Yahya ya buɗe murfin da kansa, ya yi wa wata malamar jinya nuni da ta ɗauka.

Ta zura hannu cikin ruwan ƙanƙara ta ciro ledar. Gefe guda ya sandare kamar katako. A kusurwar ƙasa, inda kaifin ƙanƙara ya danne ta, ta tsage, ruwan ɗorawa na ɗiga a kan siminti. Rabin abin da ke ciki ya riga ya zube a kular. Ruwan da robobin kunu ke iyo a ciki ya yi gurɓi-gurɓi, wani yauƙi na manne da wuyansu.

Dakta Firdausi ta fito ta karɓa da safar hannu, ta ɗaga ta a haske.

"Wa ya sa wannan a ƙanƙara?"

Hajiya Asabe ta ja gyalenta ta rufe baki.

"To ai sai a ɗumama shi," in ji Alhaji Yahya. "A sa a ruwan ɗumi ya saki."

"Ba nama ba ne, Alhaji."

"Saura ai da yawa a ciki. A ɗaure bakin a sa masa hakanan."

"Ya yi wanka da zobo. Ko da bai fashe ba, wanda ya daskare ya mutu. In na sa masa wannan a jijiya, ni na kashe shi." Ta taka murfin kwandon sharar asibiti da ƙafa, ta saki ledar a ciki.

"Likita, a sake ɗibar na Sharhabil," in ji Rahmatu. "Zai yarda."

"Ba yau ba, ba gobe ba. Jikinsa sai ya mayar da abin da aka cire." Ta dubi taron, mutum ɗaya bayan ɗaya. "Ko yanzu wani ya tafi, kafin a gwada shi a tace, dare ya yi. Mijinki ba zai kai dare a haka ba. Babban likita zai sake buɗewa ya ga abin da zai iya tsayarwa da hannu. Kin yarda?"

Rahmatu ta gyaɗa kai.

Aka turo gadon ta barandar. Jama'a suka dare gida biyu. Wani ya ɗaga waya yana ɗauka, malamar jinya ta bige hannunsa. Ƙofar ɗakin tiyata ta rufe, wani dattijo ya ja addu'a, aka shafa. Mutane suka koma tabarmi. Aka ce ikon Allah ne. Aka ce kwana ba ya ƙarewa sai ranarsa. Can wani ya ce yau ana zafi.

Rahmatu na zaune a ƙasa, bayanta jingine da bangon ɗakin tiyata, lokacin da ta ji ƙarar murfin kula. Ta ɗago kai. Hajiya Asabe na share hawaye da hannun hagu, da na dama tana tsamo robobin kunun aya daga ruwan, tana goge kowace a gefen zanenta tana miƙawa. Wata yarinya na zagayawa da su a faranti. Alhaji Yahya ya karɓi tasa ya buɗe da haƙori. Malam Isiyaku ya ce shi kunu na sa shi barci, ya zura hannu a kular ya ɗauko guntun ƙanƙara ya jefa a baki yana tsotsa, ruwan na bin gemunsa.

Ta tashi. Ba ta yi sauri ba. Ta ratsa tabarmin da takalmanta, ta kama hannun kular ta ja ta a ƙasa har bakin lambatu, ta kifar. Ƙanƙara da robobi da ruwan suka gangara cikin kwata.

"Rahmatu!" Alhaji Yahya ya miƙe. "Kanki ɗaya? A gaban mutane?"

"Jinin ƙanena kuke sha, Yaya."

"Ke, robobin a rufe suke!" in ji Hajiya Asabe. "Ni da na tashi tun asuba ina jiƙa aya saboda baƙinku?"

"Ba baƙina ba ne, Hajiya. Ni mutum ɗaya na nema a cikinsu, ban samu ba."

Malam Isiyaku ya daina tsotsa. Ya dubi kwatar, ya dubi hannunsa, ya tofar da ƙanƙarar a gindin dalbejiya, ya yi ta kakari yana neman ruwan kurkure baki. Babu wanda ya yi dariya a wannan karon. Wasu suka ajiye robobinsu a hankali a gefen tabarma. Wasu, da suka ga sun riga sun sha rabi, suka ƙarasa.

"Ai dama," in ji wata gwaggo daga bayan taro, ba da ƙarfi ba amma yadda za a ji. "Tarbiyyar Rigasa."

A daidai lokacin Sharhabil ya sauko daga Keke, auduga manne a gwiwar hannunsa. Ya ga kular a kife, ya ga yayarsa a tsaye. Malamar jinya ce ta ja shi gefe ta faɗa masa. Ya nemi dakali ya zauna, ya daɗe yana kallon audugar.

"Wallahi Yaya Rahmatu," ya ce, "ni ma da ni aka ba, ƙanƙarar zan nema."

"Kai ba a faɗa maka ba. Shi an faɗa masa."

"Wa ya ce?"

"Ma'aikaciyar ɗakin gwajin ta kira likita tana tambaya ko ya iso. Sau biyu ta faɗa masa."

Sharhabil ya ciro waya ya fara kiran masu walda na layinsu, yana tambayar kowa ko ya sha maganin ciwon jiki a satin. Yawancinsu sun sha, aikin ƙarfe ne. Ya samu ɗaya da bai sha ba, ya ce masa kada ya kuskura ya sha ko kansa zai tsage, gobe da sassafe za su je.

Kafin magariba babban likita ya fito. Ya ce bai sami jijiya guda da ta ɓalle ba, ko'ina ne ke tsattsafowa kamar bangon rijiya. Ya ƙona abin da zai ƙonu, ya cusa auduga, an ƙara wa Rilwanu jan jini. Ya ce ƙarfin bugun jininsa ya faɗi ƙasa na tsawon lokaci kafin su shawo kansa, kuma ba ya son hakan.

Ranar Asabar abokin Sharhabil ya zauna a inji. Mai kai saƙon ɗakin gwajin ne ya kawo ledar a akwatinsu, a bayan babur. Aka sa wa Rilwanu. Kafin azahar abin da ke sauka a kwalbar ya ragu, ya koma ruwa-ruwa.

Asibitin ya hana shimfiɗa tabarma a baranda. 'Yan dubiya suka koma Kurmin Mashi, gidan Alhaji Yahya, inda ake karɓar gaisuwa a falo. Labarin da ake bayarwa a can shi ne ɗakin gwajin ya sallami dattijo da jini a kwali ba tare da kula ba, Hajiya ta yi iya ƙoƙarinta, matar majinyaci kuma ta zubar wa baƙi abin sha a kwata. An aiko gwaggo ta shaida wa Rahmatu cewa dangi na jiran ta je ta ba Hajiya Asabe haƙuri, kuma gara ta yi tun kafin mijinta ya farka ya ji. Rahmatu ta ce ta ji. Ba ta je ba.

Rilwanu ya buɗe ido ranar Lahadi. Ya gane matarsa, ya matse mata yatsa. Robar numfashi na bakinsa, bai iya magana ba.

Dakta Firdausi ta sake kiran Rahmatu bakin ƙofa. Ta ce jini ya tsaya, zuciyar na aiki. Ƙoda ce matsalar. Tun ranar Juma'a, lokacin da bugun jininsa ya faɗi, fitsarin da ya yi bai cika kofin shayi ba. Wani lokaci ƙoda kan farfaɗo da kanta, wani lokaci sai an yi wanki. Asibitin ba shi da injin wankin ƙoda, kuma a halin da ƙirjinsa yake ciki ba a yarda a ɗaga shi zuwa wani wuri ba tukuna.